Gyaran Fata da Hasken Leza: Fa'idarsa da Illarsa

Daga cikin hikimomin da likitocin fata na wannan zamani suka ƙware a kansu akwai gyaran fuska da wani haske mai ƙarfi da ake kira leza, wanda ake samarwa ta hanyar sakar wa iskar kabon dayoksaid wutar lantarki a cikin bututu, wato irin iskar nan da ɗan Adam ke fitarwa in ya yi numfashi. Kuma da yake labarinsa ya fara yawo a bakin mata da samari, har wasu na ɗaukarsa kwalliya ce kawai, ya kamata a bayyana haƙiƙaninsa, domin wanda zai miƙa fuskarsa ya san abin da za a yi mata.

Wani masani ɗan asalin Indiya, Kumar Patel, shi ne ya ƙirƙiro wannan na'ura a shekarar 1964 a ɗakin binciken kamfanin Bell da ke Amurka. Hasken da take fitarwa ido ba ya ganinsa, tsawon zangonsa nanomita 10,600 ne, sirrinsa kuwa shi ne ruwa yana shanye shi nan take. Da yake mafi yawan abin da ke cikin fata ruwa ne, da zarar hasken ya sauka a kanta sai ruwan ya tafasa ya zama tururi, saman fatar ya tashi, zafin da ya saura kuma ya ratsa ƙasa ya sa zaren da ke riƙe fata, wanda likitoci ke kira kolajin, ya tsuke, jiki ya shiga saƙa sabo har tsawon watanni. Ashe ke nan aikin ƙuna ne da aka auna da ma'auni, kamar sakiyar da iyayenmu suka sani, sai dai ita da ƙarfe ake yinta, wannan kuwa da haske. Da haka ake rage ramukan da kurajen fuska suka bari, da tamojin tsufa, da tabon ƙuna ko na tiyata, da wasu tsiron fata.

A farkon al'amari, cikin shekarun 1990, ana saɓule saman fatar fuska ne baki ɗaya, mutum ya yi kamar mako biyu fuskarsa na tsatsafar da ruwa, jan kuma ya daɗe watanni bai baje ba. A shekarar 2004 sai Dieter Manstein da Rox Anderson na birnin Boston suka fito da wata dabara, inda ake rarraba hasken ya huda dubban ƙananan ramuka, a bar lafiyayyar fata a tsakaninsu, ita ce za ta yaɗu ta rufe raunin cikin kwanaki. Wanda aka yi wa irin wannan, akan shafa masa maganin kashe zafi, a rufe masa idanu da kariya, bayan an gama fuskar ta kumbura tana raɗaɗi, sannan ta yi ɓawo-ɓawo masu kaushi waɗanda sukan zube cikin mako guda ko kwana goma, kuma galibi sai an maimaita aikin kafin a ga fa'ida sosai.

Inda maganar ta fi shafarmu shi ne launin fata. Likita Thomas Fitzpatrick ya kasa fatar bil'adama kashi shida gwargwadon yadda take jure wa rana, baƙar fata kuwa tana kashi na biyar da na shida. Ƙwayoyin da ke samar da launi a irin wannan fata suna da saurin motsawa, duk abin da ya ƙona ta ko ya ji mata rauni sai su ƙara zubo launi a wurin, shi ya sa ko kurji ya warke yakan bar baƙin tabo. Saboda haka wanda ya je neman fuska mai sumul yana iya komowa da dabbare-dabbaren da za su ɗauki watanni, wani lokaci ma wurin ya yi fari ya ƙi komawa yadda yake. Haka nan wanda jikinsa ke yin tabo mai tudu bayan hujin kunne ko aski, da wadda ta daɗe tana shafa man bilicin har fatarta ta yi sirara, da mai fama da kurajen zazzaɓi a leɓe, da mai shan maganin kuraje mai ƙarfi, lalle ne kowannensu ya bayyana wa likita halinsa tun kafin a fara. Bayan aiki kuma gudun rana sharaɗi ne, alhali kuwa rana ita ce abin da ƙasashenmu suka fi wadata da shi.

Ta fuskar shari'a, malaman fiƙihu sun bambanta tsakanin gusar da aibin da cuta ko haɗari ya jawo, wanda suka halatta, suna kafa hujja da ƙissar Sahabi Arfaja ɗan As'ad da aka yanke wa hanci a yaƙi, Annabi (SAW) ya umarce shi ya yi na zinariya, da kuma sauya halittar Allah don son ƙarin ƙawa ba tare da lalura ba, wanda suka yi hani da shi.

Saboda haka, ya kai mai karatu, idan lalura ta kai ka ga wannan magani, nemi ƙwararren likitan fata mai lasisi wanda ya saba aiki a kan baƙar fata, ka roƙe shi ya fara gwadawa a ɗan ƙaramin wuri, kada kuma ka yarda a haska maka leza a shagon kwalliya komai arharsa. Allah Ya ba mu lafiya mai amfani.