Ko Ka Sani? Idon Shaho, Na'urar da Ke Raba Gardama a Filin Tanis

A ƙarshen watan Janairun 2020, Tímea Babos 'yar ƙasar Hungary da abokiyar wasanta Kristina Mladenovic 'yar Faransa suka ɗaga kofin gasar Australian Open na mata 'yan biyu-biyu a birnin Melbourne, bayan sun doke Hsieh Su-wei da Barbora Strýcová. A ranar, akwai mutane jere a gefen filin, kowa ya duƙa ya ƙura wa layinsa ido, yana jiran ƙwallo ta fita ya kwarma ihu. Ko ka san cewa kofin nan shi ne na ƙarshe a wannan ɓangare na gasar da aka ci a gaban irin waɗannan mutane? Da shekara ta zagayo, babu ko ɗaya daga cikinsu a filayen Melbourne. Wata na'ura mai suna Hawk-Eye, wato idon shaho, ta karɓe aikin gaba ɗaya.

Wace ce Babos?

An haife ta ranar 10 ga Mayun 1993 a Sopron, wani gari da ke yammacin Hungary dab da iyakar Ostiriya. Ta taɓa kaiwa matsayi na 25 a duniya a wasan ɗai-ɗai a 2016, amma a wasan biyu-biyu ne tauraruwarta ta haska. Ita da Mladenovic sun ci manyan kofuna huɗu: Australian Open a 2018 da 2020, da kuma French Open a 2019 da 2020. Ta lashe gasar ƙarshen kakar wasa ta hukumar WTA sau uku a jere, a 2017 tare da Andrea Hlaváčková, sannan a 2018 da 2019 tare da Mladenovic. A watan Yulin 2018 ta zama ta ɗaya a duniya a wasan biyu-biyu, matsayin da babu ɗan Hungary ko 'yar Hungary da ya taɓa hawa kafin ita.

Abin da ya sa labarinta ya dace da labarin wannan na'ura shi ne yadda kofunanta huɗu suka rabu gida biyu. Biyu ta ci su a Melbourne, inda kwamfuta ke da maganar ƙarshe idan an yi musu. Biyu kuma a Paris, inda har yanzu alƙali ke saukowa daga kujerarsa ya je ya duba sawun ƙwallo a ƙasa, kamar mai bin sawun dabbar da ta ɓata.

Me ya sa layi ke da wuyar tsaro?

Tsawon filin tanis mita 23.77 ne. Faɗinsa mita 8.23 ne idan mutum biyu ke karawa, amma idan huɗu ne sai a buɗe shi ya kai mita 10.97. Ƙarin da aka samu wasu lunguna ne guda biyu, ɗaya a kowane gefe, kowanne mai faɗin mita 1.37. A cikin waɗannan lunguna 'yan biyu-biyu ke cin abincinsu. Idan abokiyar hamayya ta matso kusa da raga ta tare tsakiya, hanyar da ta rage ita ce a zura ƙwallo ta gefenta, ta bi lungun nan ta sauka a kan layin waje. Taƙi kaɗan ke raba gwaninta da kuskure.

Doka kuma ta ce muddin ƙwallo ta taɓa layi, ko da da gashin jikinta ne, to tana ciki. Ita ƙwallon faɗinta bai kai santimita 7 ba, nauyinta bai kai giram 60 ba, ga ta da gudun tsiya. A 2014 Sabine Lisicki 'yar Jamus ta yi bugun farko da ya haura gudun kilomita 210 a awa. Ƙwallon da ta zo da irin wannan ƙarfi ba ta sauka cak kamar dutse. Takan lotse, ta ɗan ja ƙasa, ta tashi, duk kafin ƙiftawar ido. Hausawa na cewa ido ba mudu ba ne amma ya san kima. A filin tanis kima ba ta wadatarwa, domin kofi da kuɗi masu yawa kan rataya a kan tazarar da ba ta kai kaurin tsinken tsintsiya ba.

Tun 1980 aka fara neman taimakon na'ura. A Wimbledon an kafa wata mai suna Cyclops, wadda ke shimfiɗa wani haske da ido ba ya gani dab da ƙasa, ta yi ƙara idan bugun farko ya wuce layinsa. Sai dai layi ɗaya kawai take tsarewa. Sauran duk suna hannun 'yan Adam.

Daren da ya sauya lissafi

A gasar US Open ta 2004, Serena Williams ta kara da Jennifer Capriati a zagayen kusa da na kusa da ƙarshe. An yanke hukunce-hukunce da dama da suka cuci Serena, har da wata ƙwallo da ta sauka a ciki sarai, mai duba layi bai ce ta fita ba, amma alƙaliyar wasan ta ce ta fita. Masu kallo a gida sun ga gaskiya a talabijin, domin a lokacin gidajen talabijin sun riga sun fara amfani da Hawk-Eye don nishaɗin masu kallo. Serena ta sha kaye, masu shirya gasar suka ba ta haƙuri. Abin kunyar shi ne, wanda ke kishingiɗe a ɗakinsa ya fi alƙalin da ke filin sanin abin da ya faru.

Na'urar ba don tanis aka ƙirƙire ta ba tun farko. Wani Bature ɗan Ingila, Paul Hawkins, shi ya jagoranci ƙera ta, kuma sunanta na da nasaba da nasa. An fara nuna ta a talabijin a 2001 a wasan kurket. Bayan abin da ya faru da Serena, hukumar tanis ta duniya ta gwada ta, ta amince da ita a 2005. A watan Maris na 2006 aka ba 'yan wasa damar ƙalubalantar hukunci da ita a gasar Miami, sannan US Open ta zama babbar gasa ta farko da ta karɓe ta a wannan shekarar. Australian Open da Wimbledon suka bi sahu a 2007. Kamfanin Sony na Japan ya saye kamfanin Hawk-Eye a 2011.

Babos tana da shekara 11 lokacin da aka yi wa Serena wancan rashin adalci. Shekara 12 bayan haka, a 2016, sai ga ta tare da Yaroslava Shvedova a wasan ƙarshe na Wimbledon, suna fuskantar Serena da yayarta Venus. 'Yan gidan Williams ne suka yi nasara.

Yadda take aiki

Rufe ido ɗaya ka gwada zura zare a kafar allura. Za ka ga hannunka na wucewa ko yana gazawa. Dalili shi ne ido ɗaya ba ya iya auna nisa da kyau. Sai idanu biyu sun kalli abu daga kusurwa daban-daban sannan ƙwaƙwalwa ke haɗa hotunan ta gane inda yake. Wannan ita ce dabarar Hawk-Eye, sai dai maimakon ido biyu, kyamarori wajen goma ake kafawa a saman filin, kowace na kallo daga nata ɓangaren.

Kafin a fara gasa, ma'aikata kan auna filin su shigar da matsayin kowane layi cikin kwamfuta, domin babu filin da yake a miƙe sumul ɗari bisa ɗari. Da an fara wasa, kowace kyamara na ɗaukar hotuna masu yawa a cikin daƙiƙa guda. Kwamfuta na zaƙulo ƙwallon a cikin kowane hoto, ta ware ta daga rigunan 'yan wasa da inuwa da taron 'yan kallo. Daga nan ta haɗa abin da kyamarorin suka gani, ta gano inda ƙwallon take a sarari: tsayinta daga ƙasa, nisanta daga raga, da kusancinta da gefe. Idan ta jera waɗannan wurare ɗaya bayan ɗaya, sai hanyar da ƙwallon ta bi ta fito. Yawan kyamarorin na da amfani musamman a wasan biyu-biyu, inda mutum huɗu ke kai-komo. Idan jikin wata ya kare wa kyamara ɗaya gani, sauran na nan suna kallo.

Ga abin da mutane da yawa ba su sani ba. Hoton nan da ake nunawa a babban allo, inda ƙwallo ke tafiya a hankali 'yan kallo na tafi har ta bar wani tabo mai siffar ƙwai a gefen layi, ba bidiyo ba ne. Zane ne da kwamfuta ta yi. Na'urar ba ta ga lokacin da ƙwallon ta taɓa ƙasa kamar yadda mai shaida ke gani ba. Lissafi ta yi, daga gudun ƙwallon da karkatarta da yadda take lotsewa, ta fitar da inda ya kamata a ce ta sauka. Shi ya sa take da ɗan kuskurenta. An daɗe ana ambata milimita 3.6 a matsayin matsakaicin kuskurenta a tanis.

Daga mai ba da shawara zuwa alƙali

Shekaru da dama aikin na'urar bai wuce na ɗaukaka ƙara ba. Mutane ne ke yanke hukunci, wanda bai gamsu ba ya ɗaga hannu. A lokacin ana ba kowane ɓangare damar yin kuskure sau uku a turmi guda, da ƙarin ɗaya idan an kai ga wasan raba gardama. Idan ƙalubalenka ya yi daidai, ba a rage maka komai. A wasan biyu-biyu damar ta su biyun ce a haɗe, don haka sau da yawa za ka ga sun kalli juna kafin ɗaya ta ɗaga hannu.

A 2017, a wata gasar matasa maza a birnin Milan na Italiya, aka gwada barin na'urar ta yanke hukunci da kanta nan take, da muryar da aka naɗa tun da farko. Annobar korona ta hanzarta lamarin, saboda ana son rage yawan mutane a fili. A 2021 Australian Open ta zama babbar gasa ta farko da aka yi ba tare da masu duba layi ba ko ɗaya. A 2025 Wimbledon ma ta sallame su, bayan shekara 147.

Paris ce ta ƙi. Filayen Roland Garros, inda ake buga French Open, an lulluɓe su ne da garin jan bulo, kuma duk inda ƙwallo ta sauka sai ta bar sawu. Gani ya kori ji, in ji masu goyon bayan tsohon tsari. Amma sawu ma yana da tasa matsalar: alƙali kan iya nuna wanda ba shi ba, ko kuma a yi saɓani kan inda gefensa ya tsaya, tunda gari ne mai watsewa. A gasar Madrid ta 2025, wadda ita ma a jar ƙasa ake yi amma da na'ura, Alexander Zverev ya ciro wayarsa ya ɗauki hoton wani sawu da yake ganin ya ƙaryata kwamfuta, alƙali ya yi masa gargaɗi.

Tana kuskure?

Masu kallon gasar Firimiya ta Ingila sun san wannan na'ura ko da ba su san sunanta ba. Ita ce tun kakar 2013 ke sa agogon alƙalin wasa ya girgiza idan ƙwallo ta haye layin raga. A watan Yunin 2020, a wasan Aston Villa da Sheffield United, mai tsaron ragar Villa ya shiga cikin raga da ƙwallo a hannu, agogo bai motsa ba. Kamfanin ya ba da haƙuri, ya ce jikin 'yan wasa da turken raga ne suka kare wa kyamarori gani.

A Wimbledon ta 2025 ma, a wasan Anastasia Pavlyuchenkova da Sonay Kartal, wata ƙwallo ta fita a fili ƙarara amma ba a ji murya ba. Da aka bincika, sai aka tarar an kashe na'urar a wani ɓangaren filin bisa kuskure, kuma mutum ne ya kashe ta. Tunda babu mai duba layi a wurin, sai alƙali ya sa aka sake buga makin.

Duk da haka 'yan wasa da yawa sun fi natsuwa da ita, kuma dalilin ba wai don ba ta kuskure ba ne. Ba ta gajiya a awa ta uku, ba ta jin tsoron ihun 'yan kallo, ba ta san wace ce ta ɗaya a duniya ba balle ta ji nauyinta. Ma'auni ɗaya take yi wa 'yar Sopron da 'yar gidan Williams.

Da shahon gaske

A Wimbledon akwai wani ma'aikaci da kwamfuta ba ta karɓe aikinsa ba. Shaho ne na gaske, mai fiffike da farce, ana kiransa Rufus. Da sassafe, kafin 'yan kallo su shigo, mai kula da shi kan sake shi ya zagaya saman filayen don tantabaru su tsorata su yi nesa, kada su sauka a tsakiyar wasa ko su ɓata ciyawa. A 2012 ɓarayi suka ɗauke shi daga cikin mota, aka gano shi bayan kwana uku, ya koma bakin aikinsa.