Kimo Kai Tsaye Cikin Hanta: Yadda Ake Yi a Guangzhou

Jama'a, in aka ce Guangzhou, kwantena da 'yan kasuwarmu na unguwar Xiaobei ne ke faɗo mana a rai. To ni da nake karatu a garin, tambayar da kawunnai suka fi yi mini a waya ita ce: wai da gaske Sin tana da maganin dajin hanta?

Ga abin da nake faɗa musu. Kimo na yau da kullum, wanda ke zagaya jiki duka, bai cika cin wannan cutar ba. Shi ya sa likitocin Cibiyar Ciwon Daji ta Jami'ar Sun Yat-sen suka mai da hankali kan wata hanya da ake kira HAIC. Ana zura siririn bututu ta jijiyar cinya har zuwa jijiyar da ke ciyar da ƙarin, sannan a ɗura haɗin magungunan FOLFOX, duk bayan mako 3. Dabarar ita ce: ƙarin daga wannan jijiyar yake shan jini, lafiyayyar hanta kuwa yawancin jininta ta wata jijiyar yake zuwa.

A binciken da suka fitar a 2021 kan majinyata 315 masu babban ƙari da ba ya ciruwa, rabin waɗanda aka yi wa HAIC sun kai wata 23 a raye. Waɗanda aka yi wa tsohuwar hanyar toshe jijiya, rabinsu wata 16 suka kai. Ci gaba ne sosai, amma fa kun ji, watanni ake lissafi.

Abin da ya fi damuna shi ne tushen cutar. A Sin da gida duka, babban sanadinta ciwon hanta nau'in B ne, wanda kan yi shekaru shiru a jiki. Gyaɗa da masarar da suka yi fumfuna suna ƙara haɗarin. Najeriya sai a 2004 ta sa rigakafinsa cikin alluran jarirai, kenan iyayenmu duk sun wuce layin.

Don haka 'yan uwa, ku lallaɓa Baba da Umma su yi gwajin jini, ku ma ku yi. Mai ɗauke da ƙwayar akwai maganin danne ta, da hoton hanta duk wata 6, don a kama ƙari tun ana iya cire shi. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.