Hattara da tara shafuka a burawuza

Ɗalibai masu rubuta furojet, masu shagunan buga takardu, da duk wanda ke aiki da tsohuwar kwamfuta mai ram gigabait 4, a saurara. Idan kwamfuta ta fara nauyi, fankarta na kuka, gindinta ya ɗau zafi, kada a yi saurin cewa tsufa ne ko ƙwayar cuta. Sau da yawa burawuza ce ta cinye mata ƙwaƙwalwa.

Tun da Google ya fito da Chrome a 2008, an tsara shi ne ta yadda shafuka za su riƙa aiki a ware, don kada ɗaya ya lalace ya ja sauran. Dabara ce mai kyau, amma tana da tsada, domin kowane shafi sai ya yanki rabonsa na ram. A 2018, bayan gano matsalar tsaro ta Spectre, kamfanin ya ƙara raba shafukan, kuma shi da kansa ya ce hakan ya ƙara cin ram da kusan kashi 10 zuwa 13 cikin ɗari. To ina ga wanda ya buɗe shafi talatin, da YouTube, da Facebook, da WhatsApp, ya bar su kwana da kwanaki?

Ram kamar teburin tela ne: in ya cika, sai an riƙa kai yadi ɗaki ana ɗaukowa. Haka Windows ke kwashe bayanai zuwa faifan ajiya, wanda saurinsa bai kama ƙafar na ram ba. Daga nan sai tsayawa cak, batir ya zube, a zafin bazara kuma abin ya ninka. Mai aikin da bai adana ba, in ya danne maɓallin kashewa don haushi, wahalarsa ta tafi a banza.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne ƙananan manhajojin da ake liƙa wa burawuza. Wasu barci ba sa yi. An ma taɓa samun masu haƙo kuɗin kirifto a ɓoye da ƙarfin kwamfutar mutane, har Google ya haramta irinsu a shagonsa a 2018.

Yau ɗin nan, buɗe Chrome ka danna Shift da Esc tare, za ka ga abin da kowane shafi ke ci. Rufe masu haɗama. Goge duk manhajar da ba ka tuna ranar da ka saka ta ba. Shiga saituna ka kunna Memory Saver, wanda ke kwantar da shafukan da ba a taɓawa.

Don Allah a gwada wannan kafin a kai wa mai gyara ya wanke kwamfuta, a rasa takardu, a kuma biya kuɗi. Wanda ya karanta ya sanar da ɗan'uwansa.