Birki na riƙe mota, ba ya riƙe mutum

Bayan girbi, manyan motoci na barin Tanut shaƙe da hatsin Damargu, matafiya zaune bisa buhuna, su kama hanya mai lamba 11 zuwa Damagaram. Motar da ke gudun kilomita 90 cikin awa tana cin mita 25 kowane sakan. Idan raƙumi ya gitta, direba ya taka birki, mota kaɗai birkin ke riƙewa. Wanda ke bisa kaya sai ya wuce da gudun da yake ciki, ya faɗo ƙasa. Kuma idan gudu ya ninka biyu, nisan tsayawa ninki huɗu yake yi. Saboda haka wajibi ne direbobi su rage gudu, su hana jama'a hawa bisa kaya.