Idan Maigida Gandiroba Ne

Uwargida, idan maigidanki gandiroba ne, ko ma'aikacin jinya a sashen masu taɓin hankali, wataƙila ya sha ganin wanda yake tsaro ya yanki jikinsa ko ya nemi rataye kansa. Abin yakan biyo mutum har gida, ki ga ba ya barci, yana munanan mafarkai, ga saurin fushi. Wani kuma shiru zai yi, har a ce ba ya ɗokin cikin. Ba ragwantaka ba ce, ba kuma laifinki ba ne. Idan ya wuce makonni 4, a lallashe shi ya ga likitan ƙwaƙwalwa. In kuwa ke ce ma'aikaciyar, ki sanar da ungozoma ranar awo.