Me Ya Sa Dinya Ke Faɗa a Lokacin Kwanci?

Gabatarwa

Ɗalibin da ya taso daga Babban Giji da sassafe, ya ratsa lungunan da ke tsakanin Gyadi-Gyadi da Tarauni zuwa makaranta, yana iya gamuwa da wani abin ban tsoro a ƙofar gidan da ake kiwon dinya. Tsuntsuwar da ya saba wucewa ta gabanta lami lafiya, yau sai ga ta ta miƙe wuya, ta buɗe fukafukai, ta yo kansa tana huci. Wasu kan ce haukacewa ta yi, wasu kuma su rarumi dutse. Alhali kuwa lafiyarta lau: ƙwai ne ko 'yan tsaki take karewa.

Dinyar daji da dinyar gida

Dinyar dajin ƙasar Hausa ita ce wadda masana ke kira Plectropterus gambensis, kuma duk Afirka babu tsuntsun ruwa na dangin agwagwa da ya kai ta girma, domin namijinta kan haura kilo 6. A gwiwar kowane fiffikenta akwai wani ƙashi mai tsini kamar ƙaho, wanda da shi take duka. Takan yi sheƙa da damina a cikin dogayen ciyayi na bakin ruwa, ta yi kwanci kimanin wata guda. An fi samun ta a manyan fadamu irin na Haɗejiya da Nguru, ba kasafai take kusantar birni ba, balle yanzu da gine-gine suka cinye kududdufai da dama na Kano.

Dinyar da ake kiwo a gidaje kuwa baƙuwa ce. Asalinta dinyoyin daji ne na Turai da Asiya, amma duk da daɗewarta a hannun mutane ba ta yar da halin kakanninta ba. Tun zamanin da aka san ta da gadi. Tarihin Rumawa ya nuna cewa wajen shekara ta 390 kafin haihuwar Annabi Isa, kukan dinyoyi ne ya farkar da masu tsaron birnin Rum yayin da abokan gaba suka lallaɓo da dare.

Inda dinyar daji ta shigo gari

A Amurka da Kanada lamarin ya wuce na kiwo. Akwai wata babbar dinyar daji da aka ɗauka ta ƙare a duniya, sai a 1962 masani Harold Hanson ya gano ta a garin Rochester na jihar Minnesota. Aka kiyaye ta, ta hayayyafa, har ga shi yanzu tana sheƙa a filayen makarantu da bakin ofisoshi, inda ta sami ciyawa da tafkuna, kuma babu mafarauta. Daga watan Maris zuwa Mayu, macen takan kwanta a kan ƙwai biyar ko kusa da haka har kwana 25 zuwa 28, namijin kuwa yana tsaye yana gadi, duk wanda ya matso ya kore shi. Wata dokar Amurka ta 1918 ta hana taɓa sheƙarta ba tare da izini ba, saboda haka mutane ne ke kauce mata.

Dalilan wannan faɗa

Dalili na farko shi ne tsadar ƙwan. Irin wannan dinya sau ɗaya take renon 'ya'ya a shekara, kuma a lokacin kwanci ba ta cin abinci sosai, har takan rame. Idan ƙwan ya salwanta, wahalar shekara guda ke nan ta tafi a banza. Hausawa sun ce kaza mai 'ya'ya ita ke tsoron shirwa.

Na biyu, ƙwai ba ya jure sauyin zafi. Ɗan tayin da ke ciki yana bukatar ɗumin digiri 37 zuwa 38 a ma'aunin Salsiyas. A ƙasashen sanyi, sanyi ne ke yi masa lahani idan uwar ta tashi, a Kano kuwa rana ce, domin zafin watan Afrilu kan haura digiri 40 ko a inuwa. Bugu da ƙari, hankaka da guza da tunku suna jiran sheƙar da aka bari ba kowa.

Na uku, akwai sinadaran jiki. Wata 'yar halitta da ke ƙarƙashin ƙwaƙwalwa tana sakin sinadarin furolaktin, wanda ke sa uwa ta lizimci sheƙa. Ke nan ba shawara tsuntsuwar ta yanke ba, halitta ce. Konrad Lorenz da Niko Tinbergen, waɗanda suka sami kyautar Nobel a 1973, sun nuna haka: idan ƙwai ya gangaro daga sheƙa, dinya takan jawo shi da baki, kuma ko an ɗauke ƙwan ana tsakiyar haka, sai ta ƙarasa motsin kamar yana nan.

Gargaɗi kafin duka

Abin lura shi ne dinya ba ta far wa mutum haka kawai. Da farko takan ɗaga kai ta zuba ido, sannan ta yi kuka. Idan aka ci gaba da matsowa sai ta sunkuyar da wuya tana huci, daga nan ta buɗe fukafukai ta rugo. Cizo da duka su ne matakin ƙarshe, domin faɗa yana da haɗari a gare ta ita ma. Ba ta da haƙora, illa dai gefen bakinta mai kama da zarto, kuma sau da yawa faɗuwa garin gudu ta fi cizon nata jikkata mutum.

Don haka wanda ya gamu da ita ya fuskance ta, ya ja da baya sannu a hankali. Kada ya juya mata baya ya sheƙa da gudu, kada ya yi ihu ko jifa. A ɗauke ƙananan yara, domin fuskarsu na daidai da bakinta. Idan ta yi rauni, a wanke da ruwa da sabulu, in ya yi zurfi a je asibiti.

Kammalawa

Malami ba ya bukatar tafiya Nguru kafin ya koyar da wannan darasi. Kaza mai 'yan tsaki da agwagwar gida suna nuna irin wannan hali, haka ma zakaran ƙeƙuwa, wanda ke saka ƙwai a ƙasa a buɗaɗɗen fili, ya riƙa kai wa mai wucewa sura yana kururuwa. Ɗalibai suna iya tsayawa daga nesa, su rubuta matakan gargaɗin da suka gani, su ƙiyasta tazarar da tsuntsu ke fara damuwa. Za su tarar cewa da zarar an ba shi wannan tazara, sai ya koma kan ƙwansa, kuma bayan 'yan makonni hanyar takan koma yadda take.