Zai Tashi Kuwa? Abin da Jini Ke Faɗa Bayan Shanyewar Ɓarin Jiki

'Yar uwa, idan maigida ko mahaifiya ta wayi gari baki ya karkace, hannu ɗaya ya ƙi ɗaguwa, magana ta harɗe, tambayar da za ta hana ki barci ita ce: zai tashi kuwa? A ɗakin marasa lafiya, ita ake yi mana fiye da kowace.

Mafi yawan masu wannan ciwo, gudan jini ne ya toshe jijiyar da ke kai jini ƙwaƙwalwa. Sashen da jini bai isa ba sai ya fara mutuwa, wasu furotin da ke cikinsa su zubo cikin jini. Su masana ke aunawa. Akwai wanda ake kira NfL, mai fitowa daga zaren jijiyoyin da suka lalace. Yana hawa cikin kwanaki zuwa makonni, kuma an lura wanda nasa ya yi yawa ya fi jinkirin komawa hidimar kansa bayan wata uku. Akwai S100B, wanda ke tafiya da girman wurin da ya lalace. GFAP kuwa ya fi saurin tashi idan jijiya ce ta fashe ba toshewa ba.

Kada ki ɗauki kuɗi ki tafi neman wannan gwaji. Ko a Turai da Amurka yawancinsa yana hannun masu bincike, bai zama aikin yau da kullum ba. Kuma adadi a takarda ba ya yanke wa kowa hukunci.

Abin da ke hannunki ya fi shi amfani a yanzu. Cikin kwana uku na farko, ki lura ko mara lafiyar na iya miƙe yatsun hannun da ya shanye, ko ɗan ɗaga kafaɗa gefe. Wani bincike a ƙasar Holan a 2010 ya nuna kusan duk wanda ya iya waɗannan biyun da wuri, hannun ya dawo yin wani aiki cikin wata shida. Ki gaya wa likita abin da kika gani. Wanda bai motsa ba kuma, kada a fitar da rai. Wata ukun farko ne jiki ya fi karɓar gashi da motsa gaɓoɓi, shi ya sa nake baƙin ciki idan aka kwantar da mutum a ɗaki ana jiran ya ji sauƙi kafin a kai shi wurin likitan gashi.

Mu a Auyo, lokaci ne ke cin mu. Allurar narkar da gudan jini ana yin ta ne cikin awa huɗu da rabi, bayan hoton ƙwaƙwalwa na CT ya tabbatar ba fashewa ba ce, kuma sau da yawa sai an dangana da babban asibiti irin na Malam Aminu Kano. Da damina, idan Kogin Haɗeja ya yi ambaliya, hanyar ma sai Allah. Don haka a garzaya Babban Asibitin Haɗeja ko asibiti mafi kusa nan take, ki riƙe lokacin da abin ya fara. Kada ki ba shi asfirin da kanki. Kada a ɗura masa ruwa, kunu ko rubutu kafin a gwada haɗiyarsa, domin yana iya ƙwarewa abin ya faɗa huhu.

Binciken SIREN da aka yi a asibitocin Najeriya da Gana, har da na Kano da Zariya, ya nuna a 2018 cewa hawan jini ne kan gaba nesa ba kusa ba wajen jawo ciwon. Awonsa minti biyu ne a asibitin unguwa. Idan an ɗora maigida kan magani, ki sa ido ya ci gaba da sha ko ya ce ya warware, ki kuma rage gishiri da dunƙulen da ke shiga tukunya.